NAN TAKE: Kwana 200 na Janar Murtala da Abin da Sauri Ya Haifa

Masu karatu, yau za mu ɗan jingine labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, mu leƙa tarihi.

Duk majalisar da aka zauna ana kukan jan ƙafar gwamnati, ana maganar fayil ɗin da ya shekara a kan tebur, ko ɗan fanshon da ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba, da wuya a tashi wani dattijo bai girgiza kai ya ce "Allah Ya jiƙan Murtala" ba. Matasan da ba su san shi ba sai a jikin takardar naira 20 su ma sun haddace zancen: shi ne shugaban da idan ya faɗi magana da safe, kafin azahar an aiwatar. Kalmar da ta zama tambarin mulkinsa ita ce nan take. An kori wane nan take, an soke kaza nan take, an naɗa wane nan take.

To amma idan mutum ya bi waɗannan kwanaki ɗaya bayan ɗaya, daga 29 ga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976, zai ga saurin nan kashi biyu ne, mu ne muka cakuɗa su. Akwai saurin yanke hukunci a kan maganar da aka daɗe ana tafka muhawara a kanta, kowa ya faɗi nasa, saura kawai a sami mai ƙarfin halin cewa a yi. Akwai kuma saurin yanke wa mutum hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Na farkon har gobe muna cin moriyarsa. Na biyun kuwa, a ganina, har gobe muna biyan bashinsa.

Ba za a gane dalilin da ya sa jama'a suka yi maraba da wannan sauri ba sai an san irin jiran da suka sha kafin nan. Janar Yakubu Gowon ya hau mulki a 1966, ya shekara 9. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son ɓata wa kowa, kuma wannan halin ya yi rana bayan yaƙin basasa lokacin da ake neman mai haɗa kan jama'a. Sai dai halin da ya gyara can shi ya ɓata nan. A 1970 ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, sai ga shi ranar 1 ga Oktoba 1974 ya fito ya ce wannan lokaci ba mai yiwuwa ba ne, bai kuma sa wani ba. Gwamnonin da aka naɗa tun 1967 yawancinsu suna nan daram, kowa ya zama sarki a jiharsa. An yi ta cewa za a sauya su, shiru kake ji. Da wani mutum mai suna Aper Aku ya je kotu ya yi rantsuwa a 1974 yana zargin gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, da almundahana, Gowon ya wanke gwamnan, shi kuma mai ƙorafin aka tsare shi. Ga ƙidayar jama'a ta 1973 wadda ta ce mun kusa miliyan 80, alhali ta 1963 ta ce miliyan 55 da ɗoriya. Kudu ta ce ba ta yarda ba, aka bar maganar tana reto, ba a karɓa ba, ba a soke ba.

Ana cikin haka Gowon ya tafi Kampala taron shugabannin Afirka, Kanal Joe Garba, wanda shi ne kwamandan dakarun da ke gadinsa, ya shiga gidan rediyo ya ce an tuɓe shi. Ba a zubar da jini ba. Hafsoshin da suka shirya abin suka ɗora Birgediya Murtala Ramat Muhammad, ɗan Kano, tsohon ɗalibin Barewa, yana da shekara 36 a duniya. Obasanjo ya zama na biyu, Theophilus Danjuma ya zama shugaban sojan ƙasa.

Washegari, 30 ga Yuli, a jawabinsa na farko, abin da aka shekara ana jira ya ƙare cikin 'yan mintoci. Gwamnoni 12 duk an sallame su. Manyan janar-janar da shugaban 'yan sanda an yi musu ritaya. Ƙidayar 1973 an soke ta, an koma ta 1963. Bikin al'adun baƙar fata da ake ta narka kuɗi a kansa an ɗage shi, sai a 1977 aka yi. Aka naɗa sababbin gwamnoni matasa: Kano ta sami Sani Bello, jihar Arewa maso Gabas ta sami wani Laftanar Kanal mai suna Muhammadu Buhari.

A lura da maganar ƙidayar nan, domin akwai darasi a cikinta. Sokewa jimla ɗaya ta ci. Amma sake ƙidayar fa? Sai a 1991 aka yi wata. Wato shekara 16 ana raba kuɗi, ana yanka mazaɓu, ana tsara makarantu da asibitoci da lissafin 1963.

Mu zo kan siminti, don shi ne abin dariya kuma abin kuka na wancan zamani. Kuɗin mai ya shigo kamar ruwan sama bayan 1973, an biya ma'aikata kuɗin Udoji har da ariyas, kowace ma'aikata tana son gini. A ƙarshen mulkin Gowon gwamnati ta sa hannu a kwangila 109 da kamfanoni 68 na ƙasashen waje, a kawo siminti sama da tan miliyan 16, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 1. Tashar jiragen ruwa ta Legas kuwa simintin da take iya saukewa a shekara bai wuce kimanin tan miliyan 1 ba. Ya zuwa Yulin 1975 jirage fiye da 400 ne ke jere a kan teku suna jiran layi, 260 daga cikinsu siminti ne. Kowace rana jirgi ya kwana yana jira, Nijeriya ce ke biyan kuɗin jiran. Wasu 'yan damfara suka gane cinikin, suka riƙa turo tsofaffin jirage da suka kusa mutuwa don kawai su zo su tsaya a layi kuɗi na hawa. Simintin da ya daɗe a kan ruwa ya sha danshi ya daskare a cikin jirgi. Abinci da magani da kayan masana'antu duk suka maƙale a bayan siminti.

Nan kam sauri ya yi amfani. Cikin watan Agusta, kwanaki kaɗan da hawansu, aka ce kada jirgi ya taso sai ya ba da sanarwar wata 2, aka aika wa kamfanoni su dakata da lodi, daga baya aka tsayar da biyan kuɗi sai an tantance. Jinin da ke zuba ya tsaya. Amma ba a kyauta aka sha ba: kamfanonin da suka ƙi sulhu sun kai Nijeriya da Babban Bankinta ƙara a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe, a 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce Babban Bankin ba zai fake da rigar gwamnati ya ƙi amsa ƙara ba, shari'ar Amurka kuwa ta kai har 1981. Maganin cunkoson na gaskiya shi ne sabuwar tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Duk da haka ba na jin akwai mai hankalin da zai ce da an tsaya an kafa kwamiti a kan kwamiti jirage na ƙaruwa. Gida na cin wuta ba a tsayawa neman wanda ya kunna.

Sai maganar jihohi. A watan Agusta 1975 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe, ya zagaya ƙasa ya karɓi takardun koke, ya miƙa rahoto a Disamba. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da cewa jihohi sun tashi daga 12 zuwa 19. Arewa maso Gabas ta zama Bauchi da Borno da Gongola. Arewa maso Yamma ta zama Sakkwato da Neja. Binuwai ta rabu da Filato. A Yamma aka sami Oyo da Ogun da Ondo, a Gabas Anambara da Imo. Wata 6 kacal.

Mutane suna ba da wannan misali su ce ka ga aikin soja. Gaskiya ne, domin tun da aka yanki Yankin Tsakiyar Yamma a 1963, babu wata jiha da farar hula suka taɓa ƙirƙirowa a Nijeriya, duk 36 ɗin nan daga hannun soja suka fito, na ƙarshe a 1996 zamanin Abacha. Amma a tuna, maganar jihohi ba a 1975 aka fara ta ba. Tun 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink don jin koken ƙananan ƙabilu. An yi ta a majalisa, an yi ta a jaridu, an yi ta a filin siyasa, har jini an zubar a kanta a ƙasar Tibi. Kusan shekara 20 tukunyar tana kan wuta. Abin da Murtala ya yi shi ne sauke ta. Kuma ko a nan ba kowa ya samu ba: Katsinawa sai da suka jira 1987, mutanen Jigawa 1991.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato tankaɗe da rairayar ma'aikata.

Cikin 'yan watanni aka kori ko aka yi wa ma'aikata fiye da 10,000 ritayar dole. Babu inda abin bai shiga ba: ma'aikatun tarayya da na jihohi, kotuna, 'yan sanda, soja, jami'o'i, kamfanonin gwamnati. Daga babban sakatare har masinja. Dalilan da ake bayarwa su ne cin hanci, ko lalaci, ko tsufa, ko rashin lafiya, ko a ce aikin mutum ya ja baya, ko a ce ana shakkar amanarsa. Da yawa a rediyo ko a jarida suka fara jin sunansu. Mutum ya fito da safe da hula da babbar riga yana mai gida a ofis, ya koma da yamma ba aiki, an ba shi 'yan kwanaki ya fita daga gidan gwamnati, ya miƙa makullin mota. Wanda aka rubuta masa kora maimakon ritaya, ba fansho ba garatuti.

Jama'ar gari sun yi murna, kuma ba na ganin laifinsu. Talakan da ya sha wulaƙanci a bakin taga, akawu yana ce masa je ka ka dawo gobe, dole ya ji sanyi a ransa. An ce a kwanakin nan kafin ƙarfe 8 ofisoshi sun cika, fayil yana tafiya kamar an sa masa ƙafa. Kuma babu shakka a cikin waɗanda aka kora akwai ɓarayi na gaske da malalata na gaske.

Sai dai tambayar ita ce, wa ya rubuta sunayen? Murtala bai san ma'aikata 10,000 ba. Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta san su ba. Shugabannin ma'aikatu aka ce su kawo jerin sunaye, kuma su kawo da wuri. Duk wanda ya san halin ɗan Adam ya san abin da zai biyo baya. Wanda ke jin haushin na ƙasa da shi ya samu dama. Wanda ke hangen kujerar na sama da shi ya aika takardar ƙorafi ba suna. Wanda ya taɓa ƙin sa hannu a takardar da ba ta dace ba, ranar ramuwa ta zo. A ƙa'idar aikin gwamnati, kafin a kori mutum sai an ba shi takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, hukumar kula da ma'aikata ta zauna ta duba. Wannan ƙa'idar ita ce ake kira jan ƙafa, ita aka tsallake don a yi sauri. Bayan haka a 1976 aka yi dokar soja da ta hana kotu sauraron ƙarar wanda aka kora ta wannan hanya. An rufe ƙofar gaba, an rufe ta baya.

Ku duba bambanci. Gwamnoni 12 ɗin nan da aka sauke an kafa musu kwamitin bincike, aka bi kadarorinsu. Aka ce 10 sun yi ba daidai ba, aka wanke 2, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Audu Bako namu na Kano yana cikin goman, duk da cewa har yau Kanawa idan suka ga ruwan Tiga sai sun yi masa addu'a. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, manya dai an buɗe musu fayil. Ƙaramin akawu da ke Gusau ko Potiskum, wa ya buɗe masa?

Kuma ko a cikin manyan akwai abin mamaki. Alƙalin Alƙalan Nijeriya, Taslim Elias, an sauke shi a 1975. Watanni kaɗan bayan haka aka zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke Heg, a 1982 ya zama shugaban kotun baki ɗaya. Mutumin da aka ce bai dace da kujerar Legas ba, duniya ta ba shi tata.

Illar da ta fi girma ba a kan waɗanda aka kora ta tsaya ba, a kan waɗanda suka rage ta sauka. Kafin 1975 ma'aikacin gwamnati ya san abu ɗaya: albashinsa ba yawa, amma idan ya riƙe amana ba mai taɓa shi har ya yi ritaya ya ci fanshonsa. Wannan tabbacin shi ke sa babban sakatare ya iya duban kwamishina ya ce ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin ƙa'ida. Bayan 1975 kowa ya ga da idonsa cewa shekara 25 ta aiki tana iya tafiya a sanarwar ƙarfe 7, mai gaskiya da marar gaskiya a kwando ɗaya. Tsofaffin ma'aikata da dama, ciki har da Philip Asiodu wanda shi ma guguwar ta kwashe shi, sun sha faɗin cewa daga nan ne ma'aikaci ya koyi tara na gobe tun yana kan kujera. Ni kuma zan ƙara da nawa: daga nan ya koyi tsoron sa hannu. Wanda ya san kuskure ɗaya zai iya cinye shi ba tare da an tambaye shi ba, dabararsa ita ce kada ya yanke komai. Ya rubuta a duba, ya tura sama. Na sama ya rubuta a ba da shawara, ya turo ƙasa. Fayil ya yi ta safa da marwa. Wato maganin da aka sha don jan ƙafa shi ya ƙara wa ƙafar nauyi. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. Kuma da yake an buɗe hanya, gwamnatin Buhari ta sake bin ta a 1984, da tata dokar mai lamba 17 wadda ita ma ta toshe bakin kotu.

Wannan hali na Murtala ba a gidan gwamnati ya fara ba. A lokacin yaƙin basasa, yana kwamandan runduna ta 2, ya kori sojan Biyafara daga Tsakiyar Yamma cikin hanzarin da ya ba kowa mamaki. Amma da ya isa Asaba a Oktoba 1967, garin da sojojin rundunarsa suka kashe fararen hula masu yawa, sai ya dage sai ya tsallaka kogin Kwara da jiragen ruwa ya afka wa Anacha kai tsaye, duk da shawarar hedikwata cewa ya zagaya ta inda babu abokan gaba. Aka gwada aka sha kashi, aka sake, aka sake, sojoji da dama suka halaka. Daga baya ta zagayen aka bi aka ci garin a 1968. Mai son Murtala na gaskiya ba zai ɓoye wannan ba, don jarumtar da gaggawar a jiki ɗaya suke.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne, aikin da ya fi kowanne muhimmanci a mulkinsa shi ne wanda bai yi wa gaggawa ba. Ranar 1 ga Oktoba 1975 ya ce soja za su miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba 1979. Shekara 4 cur, daki-daki. A watan nan ya ƙaddamar da kwamitin rubuta kundin tsarin mulki ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Mutum 50 aka zaɓa, Awolowo ya ce a yafe masa, suka zama 49, babu mace ko ɗaya a ciki. Suka shekara suna aiki, har Dokta Yusufu Bala Usman da abokinsa Segun Osoba suka ƙi yarda da ra'ayin masu rinjaye suka rubuta nasu rahoton daban. Aka buga daftarin aka bar jama'a suka yi ta tsokaci wajen shekara guda. Majalisar tsara kundin ta zauna daga 1977 zuwa 1978, aka yi zazzafar muhawara a kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a har wakilai Musulmi da yawa suka fice na wani lokaci, aka lallaba aka dawo. Murtala bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma ranar da ya sa ba ta motsa ba: 1 ga Oktoba 1979 Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari. Abin da Gowon ya kasa ba gudu ba ne, sa rana ne da tsayawa a kanta.

Idan muka waiwayo zamaninmu, masu cewa farar hula ba su iya sauri ba ba su duba da kyau ba. Sun iya, idan abin ya shafe su. Ƙudirin dokar 'yancin samun bayanai ya shiga majalisa a 1999, sai a Mayu 2011 Jonathan ya sa masa hannu. Ƙudirin gyaran harkar man fetur ya shiga a 2008, sai a Agusta 2021 Buhari ya sa hannu, shekara 13. Amma dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, majalisar wakilai ta yi mata karatu na farko da na biyu da na uku a rana ɗaya, 23 ga Mayu 2024, ranar 29 ga wata Tinubu ya sa hannu. A nan Kano, dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a Mayu 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, dokar da ta rushe su a Mayu 2024 ita ma haka, ranar da majalisa ta amince a ranar gwamna ya sa hannu. Kowane ɓangare ya yi tafi a ranar tasa, kuma duka biyun a gaban alƙalai suka ƙare. Canjin kuɗin da aka sanar a Oktoba 2022 aka ba mutane makonni kaɗan, kowa ya tuna layin banki da yadda aka riƙa sayen naira da naira, sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a Maris 2023. A gefe guda, dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ita ma a rana ɗaya majalisun biyu suka amince da ita a Yuli 2024, ba wanda ya yi ƙorafin gaggawa, domin an riga an shafe wata 6 ana ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago kafin ta iso zauren.

Na bar maganar Abuja a ƙarshe da gangan, domin ita ce ta haɗa saurin nan iri biyu a wuri ɗaya.

Legas ta cushe, ga ta a bakin teku a ƙuryar ƙasa, ga ta babban birnin tarayya kuma babban birnin jiha. An daɗe ana cewa a tashi. A Agusta 1975 aka kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, a Disamba ya kawo rahoto, ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, wurin da ba na ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku ba. A jawabin nan na 3 ga Fabrairu 1976, wanda aka yanka jihohi a cikinsa, Murtala ya sanar da amincewa, aka fitar da dokar soja mai lamba 6, aka yanki fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga ƙasar da ke ƙarƙashin Neja da Filato da Kwara. Sunan ma aro aka yi daga tsohuwar masarautar Abuja, wadda Abu Ja na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa a 1828, ita kuma aka sa mata Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Kwana 10 bayan wannan jawabi, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, yana kan hanyar ofis a Ikoyi cikin baƙar Marsandi, ba jiniya ba ayarin sojoji, cunkoson motocin Legas ɗin nan da yake son a guje wa ya tsayar da shi, mutanen Laftanar Kanal Buka Suka Dimka suka buɗe masa wuta. Aka kawo gawarsa Kano aka binne. Shari'ar waɗanda aka zarga ita ma nan take aka yi ta, a asirce: ranar 11 ga Maris aka harbe mutum 32, ciki har da Manjo Janar Bisalla, a watan Mayu aka harbe Dimka da Gomwalk da wasu.

Dokar Abuja wata 6 ta ci. Ƙaura kuwa sai ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare, kusan shekara 16, kuma mutane da yawa suna ganin harin da Gideon Orkar ya kai barikin Dodan a Afrilu 1990 ne ya sa ya ɗaga ƙafa. Wannan jinkirin ba abin zargi ba ne, birni ba a gina shi da sanarwa.

Abin zargin yana wani wuri. An ɗauki filin kamar daji ne wanda ba mutane sosai, alhali akwai Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, da garuruwansu da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Shirin farko shi ne a kwashe kowa a sake masa matsuguni a wajen yankin da kuɗin gwamnati. Da aka zo aka ƙirga mutanen bayan an riga an yi doka, sai aka ga sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin ya fi ƙarfin aljihu. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya magana, ta ce sai wanda ginin birni ya taɓa kai tsaye za a tayar. Sauran suka zauna a ƙasar da doka ta ce duk ta gwamnatin tarayya ce, birni yana matsowa yana cin gonakinsu unguwa bayan unguwa, maganar diyya tana tashi tana kwanciya daga wannan minista zuwa wancan. Ba su da gwamnan da za su zaɓa, ba su da majalisar jiha, sanatansu ɗaya ne inda kowace jiha ke da 3. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin, Zephaniah Jisalo, a matsayin minista a gwamnatin tarayya, shekara 47 bayan dokar soja mai lamba 6.